Na shiga dajin Jamus neman ganyen bazara: tafarnuwar daji, mai ƙaiƙayi da kwaɗo

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau a daji nake, a gefen Frankfurt, ku yi haƙuri da iskar da kuke ji a makirfo, har yanzu da sauran sanyi duk da mun shiga Afrilu. Bari in juya kyamara ku ga ƙasa. Kun ga koren nan da ya shimfiɗu ƙarƙashin bishiyoyi har can inda ido ya tsaya? Wallahi da waya na ɗaukar ƙanshi da tuni hancinku ya cika, wajen nan gaba ɗaya tafarnuwa yake yi. Shi ne Bärlauch, tafarnuwar daji, daga Maris zuwa Mayu yake fitowa, da ya yi fure ganyen ya fara tauri to shi kenan sai baɗi.

Mutanen nan suna da al'ada tun kaka da kakanni, in hunturu ya wuce sai su ɗau 'yan makonni suna cin ɗanyen ganye suna shan shayinsa, su ce jiki ake wartsakarwa. Kuma in ka duba yadda suka rayu a da za ka gane dalili, wata huɗu ko biyar ba kore a gona, daga dankali sai kabeji mai tsami sai naman da aka adana da gishiri, ganyen farko da ya tsiro shi ne ke ƙara musu bitamin C. Ni abin da ya sa ya kama min zuciya, mu ma haka muke a gida, ruwan farko na sauka tafasa ta tsiro bayan gari mata su fita da kwarya, a dafa a kwaɗa da ƙuli, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

To yanzu ku matso nan, wannan ɓangaren kada kowa ya tsallake shi dan Allah. Ga ganyen a hannuna, ku duba, kowane ganye da nasa siririn kara yake fitowa daga ƙasa shi kaɗai, yana da laushi, bayansa kuma ba ya sheƙi. Akwai ganyaye biyu masu kama da shi da ke tsirowa a lokaci ɗaya, wani sa'in ma a cakuɗe da shi. Na farko Maiglöckchen, shi ganye biyu ne ke fita a kara ɗaya kuma bayansa na ƙyalli. Na biyu shi ne mugun, Herbstzeitlose, ganyensa kauri ne da shi, ba siririn kara, a dunƙule suke fitowa. Gubar cikinsa sunanta kolcisin, dafuwa ba ta kashe ta, kuma ba nan take mutum zai ji ba, sai bayan wasu awowi amai da gudawa su taso, daga nan gaɓoɓin ciki su fara tsayawa. An rasa rayuka a ƙasar nan ta haka, shi ya sa hukumar BfR mai lura da haɗarin abinci take yawan fitar da gargaɗi da bazara. Wasu za su ce ai murza ganyen za ka yi ka sunsuna, eh na farko zai yi, amma da yatsunka sun ɗau warin tafarnuwa duk abin da ka taɓa tafarnuwa zai yi maka. Don haka ɗaiɗai nake tsinka ina kallon kowanne, ba na damƙa in fizgo. In kuma ba ka taɓa fita da wanda ya sani ba, je ka kasuwa ka saya, a Kleinmarkthalle, rufaffiyar kasuwar da ke cikin Frankfurt, ma ana sayarwa ƙulli-ƙulli. Ni maƙwabciyata ce, wata dattijuwa Bajamushiya, ta riƙa fita da ni tana nuna min har idona ya saba, Allah ya saka mata.

Doka ta yarda ka ɗebi ɗan abin da hannu zai riƙe na amfanin gidanka, ban da wuraren da aka killace don kare halittu, kuma ba a tuge saiwa.

Ga ganye na biyu da na zo nema can bakin hanya, bari in sa safar hannu tukuna. Brennnessel kenan, ganye mai ƙaiƙayi, in ya shafe ka fatar za ta yi zafi ta yi ruɗu-ruɗu saboda 'yan gashin jikinsa. Kan kawai nake yanka, ganye huɗun sama masu taushi. Da ya shiga ruwan zafi minti ɗaya ko biyu ƙaiƙayin ya mutu. Yana da sinadarin ƙarfe da kalsiyam da bitamin C, shayinsa kuma yana sa fitsari, abin da aka san shi da shi kenan. Wani limamin coci, Sebastian Kneipp, da ya rayu daga 1821 zuwa 1897 a Bavaria, yana cikin waɗanda suka yaɗa magani da ruwa da ganyaye irin wannan, har yau in ka shiga kantin magani za ka ga sunansa a jikin kwalaye. Sai Löwenzahn mai furen rawaya, wanda masu lambu ke yaƙi da shi, ƙaramin ganyensa ɗaci ne da shi irin na shuwaka, ɗacin ne ke buɗe ciki ya taimaka wajen narkar da abinci.

To mun dawo kicin. Ina wanke su ganye-ganye a ruwan famfo sosai, don dabbobin daji na ratsa wajen.

Ina so in yi magana da 'yan uwana mata musamman, don abin yana damuna. Mu da an ce wanke ciki abin da ke zuwa mana shi ne a sha abu a kwana ana zarya banɗaki, sai a ce datti ne ke fita. Da yawa daga cikin shayin rage tumbi da ake tallatawa a TikTok da Instagram filasko ne a ciki, ruwan jikinka da gishirin fotasiyam yake kwashewa, in aka daɗe ana sha hanji ya saba har ya kasa aiki sai da shi, ba a so ma a wuce sati ɗaya zuwa biyu. Hanta da ƙoda su Allah ya ɗora wa aikin tace jini kuma dare da rana suna yi, ba jiran bazara suke ba. A 2017 babbar kotun tarayyar Jamus ta ce ba a yarda a rubuta Detox, wato wanke dattin jiki, a kwalin shayi ba, don alkawarin lafiya ne da ba a amince da shi ba. Abin da ganyen nan ke yi a hankali yake yi, abinci ne, kana ci kana shan ruwa kana fita tafiya, bayan gida ya daidaita, nauyin jikin nan na hunturu ya ragu. Ni haka nake ji a jikina duk shekara kuma ya ishe ni.

Shayin mai ƙaiƙayin kofi biyu nake sha a rana, ba na wuce sati uku. Mai ciki, mai ciwon ƙoda ko na zuciya da ƙafa ke kumbura, mai shan maganin hawan jini ko na tsinka jini, a tambayi likita tukuna. Mai tsakuwa a matsarmama kuma ya bar Löwenzahn sai likita ya ce. Sannan kasalar da muke fama da ita a nan ba duka ganye zai magance ba, daga Oktoba zuwa Maris ranar ƙasar nan ba ta isa jiki ya haɗa bitamin D, mu masu baƙar fata abin ya fi taɓa mu, balle mu da muke rufe jiki, ku je a auna jini, na roƙe ku.

Yanzu ku ga yadda nake yi. Na tafasa mai ƙaiƙayin, na matse ruwan da hannu na yayyanka, ga dakakken ƙuli-ƙuli da aka kawo min daga gida, albasa, tumatir, ɗan yaji, gishiri, man gyaɗa cokali biyu. Tafarnuwar dajin ɗanye nake yanka ta a kai daga ƙarshe, in ta sha wuta ƙanshin guduwa yake. Kai jama'a ku ga kalar nan! Maƙwabciyar tawa da na kai mata ta ɗanɗana cewa ta yi in rubuta mata yadda ake yin ƙulin.

Wancan ƙullin na farar takarda a kan tebur kuma na miyar garin nan ne, Grüne Soße, ganye bakwai ake haɗawa a niƙa da kindirmo a ci da dafaffen ƙwai da dankali, a sanyaye. Ranar Alhamis ɗin da ke gaban Ista ake fara cinta a al'adance, kuma tun 2016 Tarayyar Turai ta ba sunan kariya, sai ganyen da aka noma a Frankfurt da kewayenta. A unguwar Oberrad ake noman yawancinsu, har sun gina ƙananan ɗakunan gilashi guda bakwai a bakin gonakin, ɗaya na kowane ganye. Can zan kai ku sati mai zuwa in Allah ya kai mu, mu buɗe ƙullin tare in nuna muku su ɗaya bayan ɗaya. Bari in je in ci kwaɗona kafin yara su dawo daga makaranta, sai an jima.