Mota nawa ke kwashe sharar unguwa ɗaya?

Hadiza: Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau hirar shara za mu yi, ni da Bashir da Malam Sani, malamin ƙididdiga. Bashir, kai ka ce ba ka ga abin lissafi a kwashe bola ba.

Bashir: Wallahi Yaya Hadiza, ban gani ba. A sayo motoci, a zuba mai, a biya leburori, shi ke nan.

Malam Sani: Motoci nawa za a sayo?

Bashir: Da yawa mana.

Malam Sani: To nan gizo ke saƙa. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ce a Afirka kudu da Sahara, mutum ɗaya na zubar da kilo 0.46 a rana, kuma kashi 44 cikin 100 ake kwashewa. Mu ɗauki unguwa mai mutum 100,000. Tan 46 ke nan kullum. Idan mota na ɗaukar tan 8, sawu shida. Tambayar ita ce, sawu nawa mota ɗaya za ta iya yi kafin magariba?

Hadiza: Amma Malam, wannan adadin na yanki ne baki ɗaya. A nan Kano ma, sharar Fagge ba irin ta Nasarawa ba ce.

Malam Sani: Shi ya sa ake fara da sikeli. A zaɓi gidaje daga unguwar masu hali da ta talakawa, a ba su buhu, a riƙa aunawa kullum har mako guda, a baje a ware. A yi da rani, a sake da damina, domin jiƙaƙƙiyar shara ta fi nauyi. Daga nan sai a haɗa lissafin hasashe: yawan mutanen gida, ƙarfin aljihu, kusanci da kasuwa, lokacin shekara. Ga ɓawon rake da sanyi, ga mangwaro da bazara, ga Babbar Sallah.

Bashir: Ga Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli.

Malam Sani: Yauwa! Kowa ya yashe kwata ya tara a bakin titi cikin 'yan sa'o'i. Duk tsarin da bai ware motoci domin wannan rana ba, ruwa zai mayar da sharar inda aka ɗebo ta. Sannan akwai abin da awon ke tonawa. Sharar gidajenmu cike take da ƙasar tsakar gida da tokar murhu da kashin awaki. Motar nan mai matse shara da ake kawowa daga Turai, domin kwali da roba aka ƙera ta. Ƙasa ba ta matsuwa. Kafin cikin motar ya cika, nauyi ya wuce ƙa'ida, yashi kuma yana cin ƙarfen. A ganina, a bola da yawa tifa da katafila sun fi ta amfani.

Hadiza: To ita hanyar da direba zai bi fa?

Malam Sani: Tsohon lissafi ne. A 1964 wasu mutum biyu a Ingila, Clarke da Wright, suka fito da dabara mai sauƙi. Kana da bola biyu. Ka auna tafiyar zuwa kowacce daban a dawo, ka auna ta haɗa su a zagaye ɗaya, ka ga rarar da aka samu. Ka yi wa duk bololin haka biyu-biyu, ka fara haɗa masu rara mafi yawa har mota ta cika. A 1974 Beltrami da Bodin suka ɗora ta a kan sharar birnin New York.

Bashir: New York ba ta da lungunan cikin birni, Malam. Wace tifa za ta shiga wurin da babur biyu ba sa giftawa?

Hadiza: Ai masu baro da kura ke wannan aikin tuntuni, da 'yan gwangwan masu tsince ƙarfe da roba.

Malam Sani: Kuma dole su shiga lissafi. Hukuma irin REMASAB, mai kwashe shara a Kano, a bakin titi take tarar da shara, to sai a san nisan da mai baro zai iya turawa, a sa matattara a nan. In ta yi nisa, kwata ce za ta sha.

Bashir: In ta yi kusa kuma, mai gidan da aka ajiye ta a ƙofarsa zai kai ƙara wajen mai unguwa.

Malam Sani: Wannan kam kwamfuta ba ta raba shi, sai an zauna. Amma akwai abu ɗaya da zan nace a kai: a kafa sikelin mota a ƙofar babban juji. Idan da sawu ake biyan ɗan kwangila, me zai hana shi zuwa da rabin mota?

Bashir: Wa zai riƙe littafin sikelin?

Hadiza: Bashir, lokaci ya ci mu. Ka riƙe tambayar sai mako mai zuwa.