Ventoline na buɗe ƙirji, amma ba ya kashe asma: lacca daga Tahoua

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da fitowa cikin wannan hazo. Hunturu ya kama, ga ƙura, ga hayaƙin icce, ga turaren wuta an rufe ɗaki. Lokacin masu asma ke nan na shan wuya.

Ga abin da ke hannuna, Ventoline, ɗan gwangwanin maganin asma mai shuɗin nan da ake fesawa a baki a shaƙa. Maganin da ke ciki sunansa salbutamol. Tsokokin da suka shaƙe hanyoyin iska yake saki, cikin kamar minti 5 numfashi ya dawo, aikinsa ya kai awa 4 zuwa 6.

Ku duba ni da kyau, don a nan ake asara. A girgiza shi. A fitar da numfashi duka, a kama bakinsa da leɓɓa, kada a bar kafa. Ana fara jan iska a hankali sai a danna, a ci gaba da ja, a riƙe numfashi ana ƙirga 10. In za a ƙara, a jira kamar minti ɗaya. Da yawa sukan danna tukuna su ja daga baya, maganin ya zauna a harshe, sai su ce na farmasi ya lalace.

Yaro ba ya iya haɗa dannawa da ja. A samo gorar ruwa ta roba, mai rabin lita, a huda gindinta daidai bakin Ventoline, a fesa sau ɗaya, yaron ya numfasa sau 5 ta bakin gorar. An gwada wannan a Afirka ta Kudu, ya yi aiki.

Inna, na ji kin ce wai in an fara ba a bari. Wallahi ba ya kama mutum. Rawar hannu da bugun zuciya kan zo, su wuce. Abin tsoron daban ne. Asma kumburi ce a cikin hanyoyin iska, shi kuwa wannan ba ya taɓa kumburin. Wanda ke neman sa fiye da sau 2 a mako, ko tari na tashe shi da dare, ko yana ƙarar da gwangwani 3 a shekara, ciwonsa ya fi ƙarfin shuɗin nan. Ya ga lokotoro a rubuta masa na kullum, irin su beclomethasone. Tun 2019 masana asma na duniya suka daina ba manya shawarar dogara da salbutamol shi kaɗai.

Feshi 200 ne a ciki, kuma ko ya ƙare yana iya yin ƙara, don haka a riƙa lissafi. Kada a bar shi cikin mota a zafin ranar Tahoua.

In ciwon ya taso har mutum ba ya iya ƙarasa magana, a zaunar da shi, kada a kwantar. Feshi ɗaya kowane minti, har 10, ana yi ana neman abin hawa zuwa asibiti. Ko da tsakar dare ne, kada a jira asuba.