Ƙara wa farfela tsawo bayan an ɗaga mota

Assalamu alaikum, 'yan'uwa makanikai da masu motocin shiga daji.

Duk wanda ya ɗaga motarsa da inci 3 ko 4 don ta haye duwatsu, ya nisanta aksul daga akwatin da ke raba ƙarfi a bayan giyabos. Ita kuwa farfela, wato sandar da ke kai ƙarfi daga akwatin zuwa aksul, tsawonta bai ƙaru ba. Sai wuyanta mai zamewa ya zaro, haƙoran da suka rage a ciki su zama 'yan kaɗan. Ranar da taya ta rataya cikin rami, wuyan na iya ficewa gaba ɗaya.

Nan sifesa ke shigowa. Faifai ce ta ƙarfe ko alminiyam, kaurinta kan kai milimita 12 zuwa 38, ana ɗaure ta tsakanin bakin farfela da fuskar da take kamawa. Tana da araha, ɗaurinta ba wuya, kuma tana mayar da haƙoran ciki. Amfaninta ke nan.

To ku saurara da kyau, domin a nan ake yin ɓarna. Sifesa tsawo take gyarawa, karkata kuwa tana nan, har ma takan ƙaru. Kuros, wato gaɓar da ke kowane ƙarshen farfela, idan yana aiki a karkace, gudunsa na hawa da sauka sau 2 a kowane juyi. Kuros na ɗaya ƙarshen ne ke soke wannan, muddin kusurwoyinsu sun yi daidai, bambancin bai wuce digiri 1 ba. Kusurwar kanta an fi so kada ta haura digiri 3. Ta haura sosai, mota ta fara rawa a kan kwalta, kuros ya cinye, sil ya fara yoyon mai.

Ku auna kafin ku saya. Ku ɗaga mota da jak har tayoyi su rataya, ku auna yadda wuyan ya zaro. Ku danne ta iyakar dannuwa, ku sake aunawa. Sifesar da ta yi kauri takan sa wuyan ya ƙure idan mota ta dira, bugun ya fasa akwatin. Wannan asarar ta ninka kuɗin sabuwar farfela.

Tsofaffin notuna sun yi gajarta. A sa dogaye masu lambar ƙarfi 10.9, da gam ɗin zaren noti, a ɗaure da sifana mai awo. Leɓen tsakiyar sifesa kuma ya zauna daram cikin raminsa, in ba haka ba farfela za ta riƙa lilo.

Ɗagawa ta wuce inci 4, shawarata a bar sifesa. A haɗa farfela mai tagwayen kuros, a juya bakin aksul na baya ya kalli akwatin, amma a sunkuyar da shi da digiri 1 ko 2, domin yana ɗagowa idan an taka totur.