Hadda da Ma'ana: Kalmomin Turanci a Wasan Scrabble

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai da ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. An nemi in yi bayani a kan kalmomin Turanci da ake amfani da su a wasannin haɗa haruffa, ni kuwa zan tsaya ne a kan Scrabble, domin shi ne wanda ya fi kowanne tsari da gasa.

Wani mai zanen gine-gine Ba'amurke, Alfred Butts, shi ne ya ƙirƙiro wasan a shekarun 1930, sunan da muka san shi da shi kuma an yi masa rajista a 1948. Allon yana da gidaje 225, ƙwayoyin haruffa 100 ne, kowane ɗan wasa yana riƙe da bakwai, wanda kuma ya zuba bakwai ɗin duka a kalma guda sai a ƙara masa maki 50. Butts ya ƙirga yawan fitowar kowane harafi a rubutun Turanci kafin ya yanka masa daraja, shi ya sa E take da ƙwayoyi 12 amma makinta ɗaya tak, alhali Q da Z ƙwaya ɗaya-ɗaya ce, kowacce da maki 10.

Tambayar da ɗalibai suka fi yi mini ita ce, shin dole ne mutum ya san ma'anar kalma kafin ya buga ta? Doka ba ta ce haka ba. Alƙalin wasa shi ne ƙamus, kuma a yawancin gasannin da ake yi a ƙasashen da ba na Arewacin Amurka ba ana bin jerin kalmomin ƙamusun Collins, mai kalmomi sama da 270,000. In kalma tana ciki, ta zauna ke nan. Nigel Richards ɗan ƙasar New Zealand ya lashe gasar duniya ta Faransanci a 2015 ba tare da yana jin Faransanci ba, hadda kawai ya yi wa ƙamusun. Amma irinsa ba su da yawa a duniya, kuma ban ba kowa shawarar ya kwaikwaye shi ba.

Bari mu duba kalmomi masu haruffa biyu, waɗanda su ne jarin ɗan wasa, domin da su ake jingina kalma a gefen wata a ci maki ta fuska biyu. A jerin Collins sun ɗan haura 120, kuma a nan Bahaushe yana da wata garaɓasa. Ku rubuta waɗannan: BA, DA, KA, KI, KO, MA, MU, NA, TA, YA, ZO. Duk sun halatta a allon Turanci. Na ga wasu suna dariya, to ai ba daga Hausa aka aro su ba, kamanni ne kawai. KA da BA sunayen ruhi ne a addinin Misirawan dā, MU harafin Girkanci ne, DA wata wuƙa ce ta ƙasar Bama, KO sandar haƙa ce ta mutanen Mawori, ZO kuwa wata saniya ce ta yankin Tibet. Wanda ya san wannan ba zai sake mantawa da su ba, kuma ZO kaɗai takan fitar da mutum kunya idan Z ta maƙale masa a ƙarshen wasa.

Haka nan an koya mana a makaranta cewa Q ba ta tafiya sai da U. A wasa wannan ka'ida tana da ƙofofi. Akwai QI, wadda take nufin ƙarfin rai a tunanin Sinawa, akwai QAT, ganyen da ake taunawa a Yaman da Somaliya, akwai kuma QADI, wadda tushenta ɗaya da alƙali namu, daga Larabci. NAIRA da KOBO ma suna ciki.

To, ga inda ma'ana take da rana. S huɗu kacal ce a cikin buhun da ake ɗebo haruffa, kuma liƙa ta a ƙarshen kalmar da ke kan allo yana daga cikin hanyoyin da aka fi cin maki da su. Sai dai ba kowace kalma ce take karɓarta ba. QI suna ne mai jam'i, don haka QIS ta halatta. XU, ƙaramin kuɗin Biyatnam, ita ma suna ce, amma jam'inta ba ya ɗaukar S. Na taɓa kallon wani ɗalibina ya zuba XUS yana murmushi, abokin karawarsa ya ƙalubalance shi, aka duba, aka kwashe masa haruffansa, zagayen ya wuce shi a banza. Ya haddace kalmar, amma bai taɓa buɗe ƙamus ya ga me ake ce da ita ba. Sanin cewa kalma suna ce, ko aikatau, ko sifa, shi ne yake gaya maka ko za ta karɓi S, ko ED, ko ING.

Dogayen kalmomi kuwa ana koyonsu ne ta hanyar jujjuya haruffa. Haruffan RETAINS su ne dai suke ba da NASTIER da RETINAS da RETSINA, wato wata giyar Girkawa, kuma ƙwararru sukan riƙe irin waɗannan haruffa masu saurin haɗuwa suna jiran na bakwai.

Wellington Jighere ɗan Najeriya ya ci gasar duniya ta Turanci a birnin Perth na Ostareliya a 2015, inda ya doke Lewis Mackay ɗan Ingila da ci 4 da nema, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗauki kofin. Yanzu sai a raba alluna, kowane tebur mutum biyu, mu fara da kalmomin nan goma sha ɗaya da kuka rubuta.