Amsoshin Tambayoyinku: Idan ba a saci kalmar sirri ba, ta ina ɓarawo ya shiga?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan makon, kuma duk a kan magana ɗaya suke.

Ta farko daga wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta ce da ke karatu a Kazaure, yanzu yana hutu a ƙauyensu wajen Roni. Ya ce ya ji ana samun ɓaraka a firoksin Kubernetes har mutum ya tsallake tantancewa. Shi ne yake tambaya, idan ba a saci kalmar sirrin kowa ba, ta ina ake shiga?

To ɗana, bari mu fara daga tushe saboda sauran masu sauraro. Manyan manhajoji na yanzu ba a kwamfuta guda suke zaune ba. Ana rarraba su gunduwa-gunduwa, kowace a cikin abin da ake kira kwantena, a baza su kan sabobi masu yawa, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da manhajoji. Kubernetes, wanda Google ya fitar a 2014, shi ke tsara wace kwantena za ta zauna ina. Shi kuwa firoksi, aikinsa karɓar saƙo daga waje ya miƙa ciki.

Ka ɗauki gidan hakimi. Baƙo ya yi sallama a zaure, dogari ya tambaye shi ko shi wane ne, sannan ya shigar da saƙonsa. Mutanen cikin gida ba sa sake bincike, tunda ta hannun dogari abin ya zo. To duk wanda ya iya yaudarar dogarin nan, gidan gaba ɗaya ya yaudara.

Haka ta faru a ƙarshen 2018. Wani injiniya mai suna Darren Shepherd na kamfanin Rancher Labs ya gano matsalar da aka yi wa lamba CVE-2018-1002105, aka auna haɗarinta maki 9.8 cikin 10. Babbar sabar da ke ba da umarni a Kubernetes ita ma tana aikin firoksi. Sai mutum ya aiko mata buƙatar a buɗe masa doguwar hanyar sadarwa zuwa wani sashe na ciki, amma da gangan ya gurgunta buƙatar don sashen ya ƙi. Sashen kuwa ya ƙi ɗin. Ita kuma sabar ba ta duba amsar da aka bayar ba, ta bar layin a buɗe. Daga nan duk abin da mutumin ya tura ta layin, da shaidar ita babbar sabar yake isa ciki, wato da cikakken iko. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wannan lamari shi ne, umarnin da aka tura ta wannan hanya ba ya shiga kundin da sabar ke rubuta wanda ya yi kaza da kaza. Ko an zo bincike daga baya, da wuya a ga sawu. An toshe kafar a fitowar Kubernetes ta 1.10.11 da 1.11.5 da 1.12.3.

A 2020 ma an samu wata ɓarakar a kube-proxy, wani firoksi na cikin Kubernetes, wanda ya kunna wani saiti na Linux da ya ba maƙwabtan kwamfuta damar taɓa ayyukan da aka ajiye don ita kaɗai. Da yawansu ba a sa musu kalmar sirri ba, saboda an ɗauka babu baƙon da zai kai wurin.

Wasiƙa ta biyu daga wani mai sana'ar POS ce a kasuwar Maigatari. Ya ce shi bai taɓa ba kowa lambar sirrinsa ba, shin irin wannan kutse zai iya taɓa kuɗinsa?

Alhaji, riƙe lambar sirri da kake yi daidai ne, ka ci gaba. Amma gaskiyar magana, irin wannan ɓarakar ba ta wajenka take ba, tana can ɗakin sabobin kamfanin da ke riƙe da bayananka. A watan Maris na 2025 masu binciken tsaro na kamfanin Wiz sun bayyana wata a ingress-nginx, firoksin da ake yawan sawa a bakin ƙofar Kubernetes. Wanda ya yi amfani da ita zai iya karanta makullan sirrin da ke cikin rukunin sabobin da Kubernetes ke tafiyarwa gaba ɗaya, har da na rumbun bayanai. Sun ce sun ga sama da rukuni 6,500 da sashen ingress-nginx ɗinsu mai duba sabbin saituna, inda ɓarakar take, ke buɗe ga kowa a intanet. Kamfanin da ya yi gyara da wuri ya tsira, wanda ya yi sakaci kuwa ya jefa kwastomominsa cikin haɗarin da ba su ji ba ba su gani ba.

Abin da ke hannunka shi ne lissafi. Ranar kasuwa, bayan an watse, ka zauna da littafinka da rasitai ka daidaita su da abin da manhaja ta nuna kafin ka kwanta. Kada ka bar kuɗi masu nauyi su kwana a asusun na'ura. Idan labarin kutse ya bazu, 'yan damfara sukan bugo waya su ce daga kamfani suke, a karanto musu lambar da aka turo. Kada ka karanta. Kuma ka sani, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta wa kamfani sanar da hukumar kare bayanai, wato NDPC, cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Haƙƙinka ne ka tambaye su.

Ta ƙarshe daga wata baiwar Allah ce a yankin Wudil, wadda ke kula da manhajar wata ƙungiyar manoman shinkafa. Ta ce da ingress-nginx aka kafa musu tsarin, me ya kamata ta yi?

Malama, yau ɗin nan ki duba wace fitowar ingress-nginx kike kai. Matsalar 2025 an gyara ta a 1.11.5 da 1.12.1, duk abin da ya gaza haka a buɗe yake. Sashen da ke duba sabbin saituna kafin a karɓe su, ki tabbata babbar sabar Kubernetes kaɗai ke iya yi masa magana. Bayan kin sabunta, ki canja kalmomin sirri da makullan da ke ciki, domin faci ba ya dawo da abin da aka riga aka kwafa. Sannan kada manhajarki ta gaskata duk saƙon da ya ce an riga an tantance shi a ƙofa, ita ma ta sake dubawa da kanta, musamman wajen kuɗi da lambobin BVN na manoma.

Akwai kuma maganar da ba zan ɓoye miki ba. A watan Nuwamba na 2025 masu kula da Kubernetes sun sanar cewa za su jingine ingress-nginx, kulawarsa ta tsaya a watan Maris na 2026, bayan nan babu sauran facin tsaro. Sun ba da shawarar a koma Gateway API, sabon tsarin Kubernetes na shigar da saƙo daga waje, ko wani firoksin da ake ci gaba da kulawa da shi. Ki sanar da shugabannin ƙungiya tun yanzu su ware kuɗin wannan ƙaura, ki gwada sabon a gefe tukuna, kuma ki kauce wa lokacin rabon taki da na girbi, sa'ad da manoma suka fi buƙatar manhajar.