Raunin Bakin Daga da Takardun da Ke Tabbatar da Shi

Iyayenmu 'yan mazan jiya na Katsina da Daura, da iyalan da ke jinyarsu, wannan bayani naku ne. Akwai sojan da ya dawo daga Laberiya a shekarun 1990, ko daga Borno a baya-bayan nan, da ƙafar da ba ta takawa ko kunnen da ƙarar bindiga ta kashe, amma haƙƙinsa na nakasa ya maƙale saboda babu takardar da ta nuna cewa a bakin aiki abin ya same shi.

Kwamitin likitocin soja shi ne yake duba mutum, ya auna girman nakasar, ya kuma faɗi ko aikin soja ne ya jawo ta ko ya tsananta ta. Da rahotonsa ake lissafin haƙƙi, sannan Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutse Alhaji a Abuja ta biya. Saboda haka rahoton da bataliya ta rubuta ranar da aka ji ciwon, da katin asibitin bariki, da takardar turawa Asibitin Sojoji na 44 da ke Kaduna idan an kai mutum can, da takardar sallama, duk a adana su kamar takardar gida.

Inda aka fi cutuwa shi ne ciwon da ido ba ya gani. An horar da soja a kan dauriya, shi ya sa yake ɓoye firgita cikin barci, da rashin ji, da ciwon baya, har ya bar aiki fayil ɗinsa bai ambaci ko ɗaya ba. Baba, faɗa wa likita gaskiyar abin da ke damunka ba ragwanci ba ne, hujja ce kake ajiye wa iyalinka.

Idan an ƙi buƙatarka, ko an auna nakasar ƙasa da yadda take, ka nemi a ba ka dalili a rubuce, ka mayar da koke a rubuce tare da sabon rahoton ƙwararren likita, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ofishin Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji na jiha zai nuna maka ƙofar da za ka bi. In hanyoyin cikin gida sun ƙare, shari'ar fansho tana hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma gara ka ga lauya da wuri, domin jinkiri yana iya raunana ƙara.