Tsohon Mai Gadin da Ya Miƙa wa Hulk Wando

Jama'a, ku tuna wurin nan a fim ɗin The Avengers na 2012, inda Hulk ya rikito daga sama ya fasa rufin wani tsohon gini. Da ya farfaɗo ya koma mutum, ga wani dattijo mai gadi tsaye a kansa, ya jefa masa wando, yana tambayarsa ko daga wata duniya ya zo. Fuskar kun san ta. Sunan fa?

Harry Dean Stanton ke nan. Ba akta ba ne, ba kuma bos ba ne. Yana cikin 'yan wasan nan da ake kira domin su cike gurbi: ɗan sanda, fursuna, bakanike, mashayin unguwa. Minti biyar a fim, amma bayan an tashi kallo shi ne ke maƙale a zuciya.

An haife shi ranar 14 ga Yuli, 1926, a jihar Kentucky ta Amurka. Mahaifinsa manomin taba ne, kuma mai aski. A Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga sojan ruwa, yana dafa abinci a jirgi lokacin gumurzun Okinawa. Bayan yaƙi ya shiga Jami'ar Kentucky, daga nan ya wuce Kalifoniya, ya koyi wasan kwaikwayo a Pasadena Playhouse.

Daga 1954 ya fara leƙa talabijin, galibi a finafinan kaboyi irin su Gunsmoke. A Cool Hand Luke na 1967 fursuna ne mai kaɗa jita yana waƙa, kuma muryar tasa ce da gaske, don mawaƙi ne. A Alien na 1979 shi ne bakaniken da ya tafi neman kyanwa, dodo ya yi awon gaba da shi.

Shekara talatin yana haka. Sai a 1984 darakta Bajamushe Wim Wenders ya ɗora masa fim sukutum, wato Paris, Texas. To kun ga abin mamaki: an ba mutum jarumta yana da shekara 57, amma fiye da minti ashirin na farko ko uffan bai ce ba. Tafe yake cikin hamada da jar hula, fuska duk ta zabge, ido kawai ke magana. A ganina, nan ne aka gane abin da ya daɗe yana yi a ɓoye: ya iya shiru. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin Cannes na Faransa a shekarar.

Shin daga nan ya zama tauraro? Ina! Komawa ya yi ga ƙananan fitowa, kuma ko sau ɗaya ba a sa sunansa a takarar Oscar ba. Sai dai mai sharhin finafinai Roger Ebert ya kafa wata doka: duk fim ɗin da Stanton ko M. Emmet Walsh, wani ɗan wasan cike gurbi irinsa, ya fito a ciki, ba zai lalace gaba ɗaya ba.

A shirin Big Love na tashar HBO, da aka fara a 2006, ya fito a shugaban wata ɗarika mai mata rututu, alhali a zahiri bai taɓa aure ba.

Ya rasu a Los Angeles ranar 15 ga Satumba, 2017, yana da shekara 91. Mako biyu bayan haka aka saki Lucky a gidajen sinima, inda ya fito a tsoho ɗan shekara casa'in da ke zaune shi kaɗai a wani garin hamada, yana tunanin mutuwa. A wannan karon, shi ne jarumin.